Yabon Wanda Bai Zama Gwani Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san halin zango na biyu. Na farko yana zuwa da ɗoki, ga sabon aji, ga sababbin littattafai, ga yunifom da bai koɗe ba. Na uku yana zuwa da tsoro, domin jarrabawar wucewa aji tana gaba, ga kuma bikin raba kyaututtuka a watan Yuli. Shi kuwa na biyun, daga Janairu zuwa Afrilu, ba ɗoki ba tsoro. A nan Sabon Tasha da hazo da tari yake farawa, kuɗin gida sun bi Kirsimeti, rabin aji ba su da biro. Ya ƙare da zafin Maris, lokacin da kwanon rufi ke mayar da aji tanda tun kafin sha biyun rana. A 'yan shekarun nan ma azumin Kirista da na Musulmi duk a cikinsa suke faɗowa, malami da ɗalibi kowa na lallaɓa ƙarfinsa. Rajista takan fara nuna giɓi. Mu kanmu malamai mukan fara duban agogo fiye da yadda muke duban allo.

A cikin irin wannan wata ne, wata Talata a Fabrairu, abokiyar aikinmu da ke riƙe da aji huɗu ta tsayar da darasi. Ta kira wata yarinya gaban aji, ta miƙa mata littafin 'yan aji biyu, ta nuna mata layi biyar. Yarinyar ta karanta su, tana bin kowace kalma da yatsa, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta gyara da kanta, ta kai ƙarshe. Malamar ta tambaye ta me labarin ya ce, ta faɗa da Hausa, daidai. Sai ta ce wa ajin su tashi su tafa mata. Muna jin tafin daga ajujuwanmu.

Da aka tashi tara, muhawara ta kaure a ƙarƙashin mangwaron da muke zama. Akwai dattijo a cikinmu, saura kaɗan ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, yarinyar nan shekarunta goma sha ɗaya. Abin da ta karanta na 'yan shekara bakwai ne. Kin sa an tafa mata, yanzu za ta je gida ta ce ta iya. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." Malamar ta ce, "Baba, in na jira shekara arba'in ai ba zan same ta a ajin ba."

An yi dariya, an koma aji. Amma tambayar ba ta bar mu ba, shi ya sa muke rubuta wannan. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. To, wanda bai zama gwani ba fa? Yabonsa alheri ne ko kuwa yaudara ce da aka shafa wa zuma?

Ya kamata mu fara da ba Baba haƙƙinsa, domin maganarsa ba ta ɗan baƙin ciki ba ce. Mutum ne da ya ga abin da yabon ƙarya ya yi wa ilimi a garin nan. Daga gadar Sabo zuwa Unguwar Boro, zuwa Kamazou da Narayi, da wuya ka bi layi biyu ba ka ga allon wata makarantar kuɗi ba. Akwai na ƙwarai a cikinsu, kuma wasunmu can 'ya'yanmu suke. Sai dai kowa ya san cinikin da ake yi a wasu. Uba ya biya kuɗi, yana son ya ga jan biro ya rubuta tamanin da casa'in, in bai gani ba zai cire ɗansa ya kai makarantar da ke gaba. Saboda haka ake rubuta masa. A sanya wa ɗan shekara biyar doguwar riga da hula mai tuntu, a ɗauki hoto, a ce ya kammala. A makarantun gwamnati kuma namu salon daban ne: yaro yana wucewa aji ko ya iya ko bai iya ba, domin bencinsa wani na jira. Haka zai yi ta tafiya, ana ce masa ya yi ƙoƙari, har ya isa gaban takardar WAEC, ranar wankan da ba a ɓoyon cibi. A nan ne iyaye ke fara neman cibiyar da ake sayar da amsa.

Alƙaluma ma suna bayan Baba. A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara suna kai shekara goma ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Mu a Kaduna muna da namu tabon. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Har yau ana jayayya a kan adalcin wannan jarrabawa, kuma muna da ra'ayinmu a kai. Amma ko wanda ya fi kowa jin haushinta ya san cewa akwai waɗanda aka yi ta tafa musu tun daga firamare har suka riƙe takardar koyarwa, alhali ba a taɓa gaya musu gaskiya ba. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ji tafi a aji, dole gabansa ya faɗi.

Duk da haka muna ganin Baba ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, kuma harshenmu ya raba su tun tuni. Akwai yabon maroƙi, akwai maganar shaida. Maroƙi yana yabon wane ne kai: ɗan wane, jikan wane, giwa, bango. Ba ya buƙatar ka yi komai a ranar, kuma bakinsa yana kallon aljihunka. Shi kuwa shaida abin da ya faru yake faɗa, da rana da wuri, in ya ƙara ko da ƙwayar gero ya zama shaidar zur. Rigar kammalawa ta ɗan shekara biyar roƙo ce. Tamanin ɗin da aka rubuta don kada uba ya cire ɗansa roƙo ne. Abin da ya kamata a tambaya game da tafin aji huɗu shi ne, a cikin biyun wanne ne?

Mun tambayi malamar me ta ce kafin a tafa. Ba ta ce yarinyar haziƙa ce ba, ba ta ce ta fi kowa ba. Cewa ta yi, a watan Satumba yarinyar nan ba ta bambanta b da d, tun Nuwamba kuma take zama minti goma sha biyar bayan an tashi tara tana haɗa baƙi da wasali, yau ga shi ta karanta layi biyar ta faɗi ma'anarsu. Kowace gaɓa a wannan magana ana iya bincikarta, yara sittin da wani abu sun gani da idonsu. Babu wurin da ƙarya za ta ɓuya a ciki.

Ba ƙaramin bambanci ba ne wannan. A 1998 wasu masu nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada shi a kan yara 'yan kimanin shekara goma. Bayan aiki iri ɗaya, wasu aka ce musu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce musu lallai kun yi aiki tuƙuru. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu ne suka fi saurin karaya, suka fi zaɓen abu mai sauƙi, da yawansu ma suka ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In an ce maka giwa, kullum tsoronka kada a gano kai ba giwa ba ne. In an ce maka ka zauna ka yi, ka san hanyar da za ka sake bi gobe.

Sai batun lokaci. Me ya sa a Fabrairu, me ya sa ba za a bari sai Yuli ba, ranar da ake kafa rumfa a gayyaci iyaye? Domin bikin Yuli na mutum uku ne: na ɗaya, na biyu, na uku. Tsarin jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe yana da wata mugunta da muka saba da ita har ba ma ganinta, wato ko da duk ajin ya ninka ƙoƙarinsa, dole wani ya zo na ƙarshe. Yarinyar da muke magana a kanta tana iya koyon karatu daga babu, abin da ya fi duk abin da ya faru a makarantar nauyi a wannan shekara, ta kuma tashi daga ta hamsin da takwas zuwa ta hamsin da ɗaya. Katin sakamako ba shi da gurbin rubuta wannan. Kuma kafin Yuli an riga an yanke hukunci. Wani masani, Keith Stanovich, ya bayyana yadda abin yake a 1986, ya kuma aro masa suna daga Bisharar Matiyu, daga misalin bayin nan da aka ba amanar dukiya, inda aka ƙara wa mai yawa aka karɓe na mai kaɗan. Yaron da ya fara jin daɗin karatu yana ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara masa sauƙi. Wanda yake shan wuya yana gudun littafi, gudun kuma ya ƙara masa wuya. Tazarar ba a rana ɗaya take buɗewa ba, a irin makonnin nan ne na hazo da gajiya, lokacin da yaro ke yanke wa kansa hukunci a asirce cewa shi ba na boko ba ne. In akwai ranar da kalma ɗaya ta gaskiya za ta iya juya shi, wannan ce. A Yuli sai dai a yi masa jaje.

Kakanninmu ba su karanta Stanovich ba, amma dubi yadda suka tsara makarantar allo. Ba a cewa sai ranar sauka za a san da yaro. Ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, an san an wuce wani mataki. Ya kai wata sura ko wani izu, a gidaje da yawa akan dafa abinci a kai makaranta sadaka, yara su ci, a yi masa addu'a. Ba wanda ya ɗauka cewa yaron ya zama alaramma, shi ma bai ɗauka ba, domin yana ganin gardawa a gabansa. An dai sa alama a hanya don matafiyi ya san yana tafiya. Haka a makarantar Lahadi, yaron da ya haddace ayarsa ta farko akan tsayar da shi a gaban jama'a, ba don ya zama fasto ba. Boko ne kawai, da ya zo mana da na ɗaya da na ƙarshe, ya koya mana cewa murna sai a ƙarshen shekara, kuma ta 'yan kaɗan ce.

A nan sai mun ɗan ratse, domin akwai abin da lissafin Baba na shekara goma sha ɗaya da shekara bakwai bai ƙunsa ba. Iyayen yarinyar daga wani ƙauye suka taso ta wajen Kajuru, bayan an kai musu hari, kamar iyalai da dama da suka cika ɗakunan haya a Sabo da Maraban Rido. Ta yi kusan shekara biyu ba ta taka makaranta ba. Sa'o'inta ma da ba su gudu daga ko'ina ba sun sha nasu rabon: rufe makarantu na korona a 2020, sannan sace ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke nan ƙaramar hukumarmu ta Chikun a ranar 5 ga Yulin 2021, wanda ya sa gwamnati ta rufe wasu makarantu 13 nan take, iyaye da yawa kuma suka riƙe 'ya'yansu a gida don tsoro. Ƙari a kan haka, yarinyar Adara take yi da uwarta, Hausa a layi, Turancin buroka a kasuwa, sannan mu ce ta koyi karatu da harshe na huɗu, wanda harafi ɗaya a cikinsa yana iya yin sauti uku. Malamar da Hausa ta fara mata, ba, be, bi, bo, bu, inda abin da ka gani shi za ka furta, irin hanyar da shirin Mu Karanta ya bi a Bauchi da Sakkwato, daga baya ta haye da ita zuwa Turanci. Saboda haka in za a auna ta, a auna daga inda ta taso. Wanda ya zo daga Kafanchan da ƙafa ba a yi masa dariya don ɗan Barnawa ya riga shi isa Kasuwar Sabo.

Amma kada mu sauƙaƙa wa kanmu, akwai abubuwan da har yanzu ba mu warware ba. Tafin nan yana da kaifi biyu. Duk wanda ya tsayar da yarinya ya ce yau ta iya karatu, ya sanar da cewa jiya ba ta iya ba. A wurinmu kunya ba abin wasa ba ce. Akwai yaron da zai gwammace ya mutu da jahilcinsa a bencin baya da a kira sunansa a gaban sa'o'insa da littafin ƙannensa a hannu. Malamar ta ce ta tambayi yarinyar tun ranar Litinin ko ta yarda, ta ce ta yarda. Da ta ƙi fa? Muna ganin da sai a bar tafin, a faɗa mata a kunne. Nasarar tata ce, ba tamu ba ce da za mu baje ta yadda muka ga dama, ballantana a ɗauke ta a waya a watsa a Facebook don a ce makarantarmu tana aiki.

Akwai kuma yaron da ke zuwa na ɗaya a wannan aji tun yana aji ɗaya. An ce bai tafa ba sai da malama ta dube shi. Ba mu ga laifinsa ba. Shekara huɗu yana karatu tiryan-tiryan ba a taɓa tsayar da darasi dominsa ba, yau an tsayar don layi biyar. Masu zuwa coci a cikinmu sun tuna da wan ɗan nan mubazzari, wanda ya tsaya a waje yana jin kiɗa ya ƙi shiga. Amsar da muke da ita ba cikakkiya ba ce. Shi ma yana bin mu bashi, amma bashinsa ba tafi ba ne a kan abin da ba ya ba shi wuya, wannan zai zama roƙon da muka ce muna gudu. Bashinsa littafi ne da ya fi ƙarfinsa, wanda zai yi tuntuɓe a ciki, domin mu sami abin da za mu shaida a kansa shi ma. Sai dai makarantar ba ta da ɗakin karatu. Ɗaya daga cikinmu ya kawo masa tsohon Magana Jari Ce na Abubakar Imam daga gida, bango ya cire, shi ke nan abin da muka iya.

Sannan sai mu faɗi wadda ta fi mana nauyin faɗa. Tafin nan ba na yarinyar kaɗai ba ne. Malamin da ya kai Fabrairu da aji mai yara fiye da sittin, albashi ya ƙare tun ranar goma ga wata, jama'a kuma tun 2017 suna masa kallon wanda ya faɗi jarrabawar aji huɗu ko da shi ya ci, yana buƙatar hujjar da zai tashi da ita gobe da safe. Malamar ba ta musa ba, ta ce ranar ta koma gida da ƙarfin da ta yi wata biyu ba ta ji ba. Ba mu ga aibu a nan ba, manomi ma yakan tsaya ya dubi tsiron farko. Haɗarin shi ne wanda yake jin yunwar nasara yana iya fara ganinta inda babu, ya karɓi hadda a matsayin karatu, ya rage tsawon layin don a samu a tafa. Daga nan zuwa tamanin ɗin makarantar kuɗi taku ɗaya ne. A nan ne muke buƙatar Baba, kuma shi ya sa ba ma fatan ya yi shiru.

Shi ne ma ya kawo sharaɗin da muka tsaya a kai. Bayan kwana biyu ya ce wa malamar, "Na ji, ba ƙarya kika yi ba. Amma rabin gaskiya kika faɗa. Shaidan da ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, me sunansa?" Ya ce in za a gaya wa yarinya da uwarta cewa ta fara karatu, a gaya musu a zama ɗaya cewa tana bayan ajinta da shekara biyu, kuma in aka saki jiki za ta koma inda ta fito kafin damina. Ya kuma ce shi zai zaɓi abin da za ta karanta a ƙarshen zango, daga littafin da ba ta taɓa gani ba, don a tabbatar ba hadda ba ce. Malamar ta yarda, ko da yake ta ce masa, "Baba, kai ma sai ka tafa in ta karanta." Ya ce a bari a gani.

A makon ƙarshe kafin hutun Ista ya kawo shafinsa. Ta karanta layi bakwai cikin tara, biyu suka gagare ta. Bai tafa ba. Ya ce mata, "Kin karanta bakwai. Zo gobe mu ga biyun nan." Ta zo.

Ranar karɓar sakamako uwar ta bar tiren tumatirinta wajen maƙwabciya a kasuwa ta zo da kanta. Katin ya nuna ta hamsin da ɗaya. Malamar ta haɗa da wata 'yar takarda da ta rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe. Uwar ta juya takardar, ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba, sai dai ki faɗa mini." Malamar ta ce, "Mama, ba ni zan faɗa miki ba." Ta miƙa wa yarinyar.

Ta sa yatsa ta fara. Layi na farko ya ce ta koyi karatu a wannan zango. Uwar ta kama baki. Layi na biyu ya ce har yanzu tana baya sosai, sai an dage. A nan muryarta ta yi ƙasa, ta ɗan tsaya, ta saci kallon malamar, amma ba ta tsallake shi ba. Na uku ya ce a ba ta minti goma kullum ta yi karatu a bayyane, ko da mai sauraron bai iya ba. Uwar ta ce a maimaita mata na ukun, sannan ta tambaya ko za a iya yi da dare bayan ta dawo daga kasuwa, domin fitilarsu ta caji ba ta kai wa ƙarfe tara.